Ruwan tabki a bazara: a duba kafin a sako shanu

Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, tambayar da makiyaya da masu shanun noma suka fi yi mana a Damagaram ita ce: tabkin da ya kusa ƙafewa, a bar dabba ta sha ko a hana? Amsar da nake bayarwa ita ce a je a duba tabkin da ido a ranar, domin ruwan da saniya ta sha lafiya lau a kaka ya riga ya canza kafin Afrilu. Rana ta haura digiri 40 ta kwashe mafi yawansa, abin da ya rage ya tattara kashi da fitsari da kanwa da duk takin da ya gangaro daga lambu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne koren nan da ke taruwa a saman ruwa kamar an zuba fenti. Mutane suna ce masa gansakuka, su wuce. Gansakuka iri biyu ce. Akwai mai zare-zare wadda in ka sa sanda za ta maƙale ta biyo sandar, wannan ba ta cika yin illa ba. Akwai kuma wadda ba ta kama sanda, sai ta watse ta bar kore a jikinta, wani lokaci da kumfa da wari. Ita ce ke iya fitar da guba mai lalata hanta ko ta taɓa jijiyoyi. Saniya na iya sha da hantsi, kafin la'asar ta fara rawar jiki da dalalar da miyau da tangaɗi, ta faɗi. Wadda ta tsira, bayan ƴan kwanaki sai a ga fatar hanci da wuraren da ke da farin gashi suna salewa a rana. Babu allurar da ke karya wannan guba, tafasa ruwan ma ba ya kawar da ita. Iska kuma tana tura koren ta tara shi a gefe ɗaya na tabki, to in gefen nan ne mashayar, dabbar da ta fara kai baki ita ce ta fi kwasa.

Sai mushe. Ko na tsuntsu ne, ko na akuyar da ta maƙale a taɓo ta ruɓe, yana iya sa wa ruwa gubar da ke shanye dabba: ƙafafun baya su mutu, harshe ya zazzago, ta kasa haɗiya. Tabkin da aka ga mushe a ciki, a janye garke daga gare shi a ranar, ko da an cire mushen.

A wajen Gure da kwarin Korama, inda ƙasa ke da kanwa, akwai wata matsalar. Kanwa kaɗan gyara ce, kowane makiyayi ya san haka. Amma in bakin tabki ya yi fari fat, ruwan ya yi ɗaci, shanu za su yi zawo, nono ya ragu, ƴan maruƙa su fi jigata. In ka ga saniya mai ƙishirwa ta sunsuna ta ɗaga kai ta juya, kada ka kore ta ka mayar da ita.

Tsutsar hanta kuwa ba ta gaggawa. Ƙananan katantanwa na bakin ruwa ne ke rainon ta, dabba ta haɗiye ta da ɗanyar ciyawar gefen tabki, sai bayan watanni a ga rama da kumburi a ƙarƙashin haɓa. Mahauta sun san irin hantar da suke zubarwa. Yaran da ke shiga ruwan da garke su ma suna kwaso tsargiya.

Na san abin da za a ce: malam, in ba tabkin ba, sai ina? Gaskiya ne. Babbar saniya tana buƙatar lita 30 zuwa 40 a rana a wannan zafi, mai shayarwa ta fi haka, kuma ba kowa ke da kuɗin cika bido a fanfo ya ɗora a amalanke ba. Ƙishirwa ita ma kisa take yi. Shi ya sa ba na ce wa kowa ya bar tabki gaba ɗaya. Abin da nake roƙo shi ne a hana shanu kutsawa ciki. A ɗebo da guga daga gefen da iska ke fitowa, inda ruwa ya fi haske da zurfi, a zuba a komi ko rabin tano nesa da laka. Wanda ya fi wannan, a haƙa ƴar rijiya taku kaɗan daga bakin ruwa, a bar shi ya tsattsafo ta cikin yashi. Yashin yana tare koren da ƙazanta da yawa, sai dai ba ya cire kanwa. A kewaye sauran bakin tabkin da ƙaya; hakan ma yana tsare raunanan shanu daga nutsewa a taɓo, wanda kowace bazara yake cin dabbobin da yunwa ta riga ta karya. Garken da ya kwana biyu bai sha ba kuwa, a shayar da shi kaɗan-kaɗan. Tabkin da ya yi koren fenti, ko yake da mushe, shi kam a yi haƙuri a ƙara tafiya.

In dabba ta mutu farat ɗaya kusa da tabki, cikinta ya kumbura da wuri, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci ko ta dubura, a ɗauka ciwon saifa ne har sai likitan dabbobi ya ce ba shi ba ne. Ƙwayar cutar tana shekaru da yawa a cikin ƙasa, busasshiyar lakar tabki kuma tana fito da ita. Kada a feɗe, kada a yi saurin yankawa don a ceci nama, domin yana kama mutum. A kori karnuka, a binne da zurfi nesa da ruwa, a matsar da sauran garke, a sanar da ma'aikacin kiwo na gundumarku tun ranar, don a duba a kuma yi wa sauran rigakafi.