Juyewar zafin iska: me ake nufi, kuma me ya sa garin Kofu na Japan ke fama da ita?

In kana bin labaran gurɓatar iska za ka ji masu hasashen yanayi na yawan cewa an samu inbashon, wato juyewar zafin iska. A ƙa'ida iskar da ke kusa da ƙasa ita ce mai ɗumi, kana hawa sama tana ƙara sanyi, kusan digiri 6.5 a duk kilomita ɗaya, shi ya sa hayaƙi ke miƙewa sama ya watse. To wani lokaci sai abin ya juye, sanyi ya kwanta a ƙasa, ɗumi ya hau kansa ya zauna. Iska mai sanyi ta fi nauyi, ba ta tashi, don haka duk abin da aka sako a cikinta nan zai tsaya.

Kofu shi ne babban birnin jihar Yamanashi, yamma da Tokyo. Garin a cikin kwari yake, duwatsu ta ko'ina, Fuji daga kudu, Yatsugatake can arewa, ga wasu manya ta yamma. Kamar kwano ne dai, in juyewar nan ta zo an sa masa murfi kenan.

Lokacin sanyi abin ya fi tsanani, daga Disamba zuwa Fabrairu. Sama garau ba gajimare, dare ya yi tsawo, ƙasa ta saki duk zafin da ta tara da rana, sai iskar jikin duwatsun ta yi sanyi ta riƙa gangarowa a hankali tana taruwa a gindin kwarin, kuma daidai lokacin ne mutane ke kunna na'urar ɗumama ɗaki, da yawa masu kananzir ne, ga motocin masu tafiya aiki da sassafe, ga manoman inabi wasu na ƙona rassan da suka sassabe. Tun 2001 doka ta hana ƙona shara a fili a Japan, amma an ɗaga wa manoma ƙafa in aikin gona ya tilasta. Wanda ya tsaya a gangaren dutse da asuba zai ga hayaƙin ya ɗan tashi kaɗan sai ya lanƙwashe ya shimfiɗu, layi guda fari-fari a kan rufin gidaje, shi kuma da ke sama yana jin ɗumi fiye da na ƙasa. Mu ma ai mun san wannan, hayaƙin itace da ke kwantawa a unguwa bayan magariba lokacin hunturu shi ne dai.

Abin lura a nan, ba lallai an ƙara yawan hayaƙin ba fa. Wurin da zai watsu ne ya ragu. Shi ya sa ni ban cika yarda da mai auna iskar gari rana ɗaya ya yanke hukunci ba. Ma'aunin da Japan ta kafa a 2009 na ƙananan ƙurar nan da ake kira PM2.5 kashi biyu ne, maikurogiram 35 a kowace kubik mita a matsakaicin yini, da 15 a matsakaicin shekara.

Da hantsi in rana ta gasa ƙasa, juyewar kan warware. Ko kuma busasshiyar iska mai ƙarfi ta sauko daga Yatsugatake ta share kwarin tas, sanyi kam za a sha amma numfashi ya gyaru.

Sauran lokutan kowanne da nasa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ƙurar furen wani dogon itace da ake kira sugi ce ke sa mutane atishawa da hawaye, itatuwan da aka dasa da yawa bayan yaƙin duniya na biyu. Maris zuwa Mayu kuma ƙurar hamadar Gobi da Taklamakan, can wajen China da Mongoliya, kan tsallako teku. Ruwan Yuni ya wanke iska. Sai zafi, wanda a Kofu ba wasa ba ne, ranar 10 ga Agusta 2013 ya kai digiri 40.7, kuma a irin wannan rana ne hasken rana ke dafa hayaƙin motoci ya koma wata iskar gas da ake kira ozon, mai sa ido raɗaɗi da ƙaiƙayin maƙogwaro, har in ya yi yawa hukuma ta ba da sanarwa a rage wa yaran makaranta wasa a waje.