Sola a kan rufi: wa ke biyan kuɗin falwaya a Kaliforniya?

A watan Disambar 2022 hukumar CPUC, mai tsayar da farashin wuta a jihar Kaliforniya ta Amurka, ta sauya ƙa'idar biyan masu sola a rufin gidajensu. Sabon tsarin, wanda ake kira NEM 3.0, ya fara aiki a Afrilun 2023.

A da, idan faranten solarka suka samar da wutar da ta fi buƙatar gidan, rarar tana komawa layin kamfani, mita ta juya baya, a lissafa maka ita kusan a farashin da kake saye. Yanzu ana biya ne daidai da abin da rarar ta rage wa kamfani a wannan sa'ar, kuma ladan ya faɗi da kimanin kashi 75 cikin ɗari. Waɗanda suka shiga tun farko an bar su a tsohon tsari na shekara 20 daga ranar da aka haɗa su.

Ga tushen rigimar. Kuɗin wuta ba na wutar kaɗai ba ne. A cikin farashin kowane kilowat-awa akwai kuɗin falwaya, waya, taransfoma da aikin kare layi daga tayar da gobarar daji. Mai sola ya rage saye, amma da magariba yana komawa kan wannan layin. Kamfanonin wuta na PG&E, SCE da SDG&E suka ce giɓin yana faɗawa kan ɗan haya da wanda ba shi da halin sayen sola. Masu sola suka ce wutarsu tana shiga gidan maƙwabci kai tsaye, tana rage buƙatar sabbin tashoshi da dogayen layuka, kuma yawan kuɗin da kamfanonin ke kashewa ne ya tsawwala farashi.

Ni dai na yarda nauyin yana gangarawa kan marasa sola, domin haka aka gina lissafin tun asali. Abin da ke damuna shi ne maganin. A sabon tsari, sola ba ta biyan kanta da wuri sai da batir, a tara da rana a sha da yamma, batir kuwa sai mai hali. Waɗanda suka riga suka saka sun tsira da ribarsu, mai ƙaramin ƙarfi da ya zo daga baya ya tarar an ƙara tsawon katanga.

A Mayun 2024 hukumar ta amince da tsayayyen kuɗi na dala 24.15 a wata ga yawancin gidaje, da sola ko babu, tare da rage farashin kilowat-awa. Masu ƙaramin ƙarfi suna biyan dala 6 ko 12.