Liciyam Niyobet

Liciyam niyobet, wanda masana kimiyya ke rubuta shi LiNbO₃, wani kiristal ne marar launi da ya ƙunshi liciyam da niyobiyam da oksijin. Ba a haƙo shi daga ƙasa. A masana'anta ake narka sinadaransa a zafin da ya kai wajen digiri 1250 a ma'aunin Celsius, sannan a jawo kiristal ɗin sannu a hankali yana daskarewa. Shi kansa niyobiyam, Charles Hatchett ne ya gano shi a Ingila a 1801. An daɗe ana samun sa daga ma'adinin kolombait na tsaunukan Jos, amma yau Brazil ce ke samar da mafi yawansa.

A cikin kiristal ɗin kowane atam na niyobiyam yana zaune tsakanin oksijin shida. Atam ɗin ba sa tsayawa cik, kullum karkarwa suke, kuma zafi yana ƙara musu ita. Ana auna wannan karkarwa da hasken leza ta hanyar Raman, wadda C. V. Raman na Indiya ya gano a 1928. Idan layukan da na'ura ta zana suka yi faɗi, alama ce tsarin atam ɗin ya samu tawaya.

Tawayar nan ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Kiristal ɗin da aka saba tsirowa yana da ƙarancin liciyam, saboda haka akwai gurabe da babu kowa. Ayon na liciyam, wato atam ɗinsa mai ɗauke da cajin lantarki, yakan yi ta karkarwa a mazauninsa har oksijin da ke kewaye da shi su ɗan buɗa, sai ya tsallaka zuwa gurbin kusa, kamar mai neman sahu a masallaci. A zafin ɗaki tafiyar ba ta taka kara ta karya ba, amma da zafi ya hau sai ta yi sauri ƙwarai. Da irin wannan motsi ne ake musanya liciyam da haidurojin a saman kiristal don buɗe wa haske hanya, dabarar da ta fito a 1982.

Masu gyaran salula a kasuwar Maradi suna mu'amala da irin waɗannan kiristal ba tare da sun gan su ba, domin da liciyam niyobet ko ɗan'uwansa liciyam tantalet ake yin ƙananan matatan sigina na waya. Ana kuma nazarin wasu danginsa, irin su TiNb₂O₇ (haɗin titaniyam da niyobiyam da oksijin), don batura masu saurin caji, saboda tsarinsu yana da ramukan da liciyam ke ratsawa cikin sauƙi.