Fasahar Sadarwa a Aikin Agajin Gaggawa

Fasahar sadarwa a aikin agajin gaggawa ta ƙunshi duk hanyoyin da ake bi a gargaɗi jama'a kafin bala'i ya auku, a nemi ɗauki idan ya auku, a kuma haɗa kan masu ceto. Rediyo, wayar salula, oba-oba, intanet da tauraron ɗan'adam duk suna ciki.

A Najeriya ragamar wannan aiki tana Abuja. Can ne hedikwatar Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999. Kowace shekara hukumar kula da yanayi, NiMet, kan fitar da hasashen damina, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, kuma ta bayyana yankunan da ambaliya ke yi wa barazana. Hukumar sadarwa ta NCC ta ware lambar 112 domin kiran gaggawa kyauta. Tauraron NigeriaSat-1, da aka harba a 2003, ya shiga ayarin taurarin da ke sa ido kan bala'o'i a duniya.

Sai dai hasashe ba ya ceton rai sai ya isa kunnen mai kwana a bakin rafi. A watan Yulin 2012 aka tafka ruwa a Jos, dam ɗin Lamingo ya tumbatsa, ambaliya ta afka wa unguwar Rikkos da maƙwabtanta, aƙalla mutum 35 suka rasu. A irin wannan hali wuta kan ɗauke, caji ya ƙare, sabis ya yanke. Abin da kan rage shi ne ƙaramar rediyo mai batir, da lasifikar masallaci ko ta coci, da matasan unguwa masu bi gida-gida suna buga ƙofa. Shi ya sa gargaɗin da aka yi da Hausa a gidan rediyo, mai unguwa ya nanata shi, ya fi sanarwar Turanci a intanet amfani nesa ba kusa ba.

Wayar da ke kai gargaɗi ita ce kuma ke kai jita-jita. A watan Agustan 2014, lokacin annobar Ebola, saƙo ya bazu cikin dare cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi wai don kariya daga cutar. Da yawa sun kwanta a asibiti, wasu ma sun rasa rayukansu.

A matakin duniya, Yarjejeniyar Tampere ta 1998, wadda ta fara aiki a 2005, ta sauƙaƙa shigar da kayan sadarwa ƙasar da bala'i ya faɗa wa. A arewa maso gabashin Najeriya, a 2016 Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ta fara jagorantar samar wa ma'aikatan agaji intanet da rediyon sadarwa domin tsaronsu.