Awa 72 din da yawancin matasa basu sani ba

Kannena samari da 'yan mata, akwai maganar da muke ta nanatawa a asibiti amma har yau bata shiga unguwa ba. In wani abu ya faru da ake tsoron daukar kanjamau, misali anyi wa yarinya fyade, ko kororon roba ya fashe, ko allurar wani ta soke ka, akwai magani da ake kira PEP, kwaya ce ake sha kullum har kwana 28, tana hana cutar kama jiki in dai an fara kafin awa 72 ta cika, wato kwana uku, kuma wanda yazo ranar farko yafi wanda yazo rana ta uku dacewa. Sai kaga iyaye sun boye yarinya a daki sati biyu don gudun bakin mutane, sai lokaci ya wuce sannan a kawo ta, wallahi abin nan yana kona min rai.

Sai maganar gwaji. A 2024 Kano ta yi dokar gwaji kafin aure, abu ne mai kyau, amma fa sabon kamu baya fitowa nan take, yakan kai wata uku kafin gwaji ya nuna shi, don haka in kasan ka taka sawun barawo kwanan nan ka sake komawa bayan wata uku. Kuma dan Allah a daina duban fuska ana cewa ai wance jikinta bul-bul. Mutum zai yi shekaru da kwayar nan babu ko rama.

Masu hada allura daya suna yiwa juna, ku kam hatsarinku babba ne sosai. Wurin wanzami da mai yankan farce kuma, tafi da sabuwar rezarka, nawa take?

Sauro baya yada ta, cin abinci kwano daya ko musabaha ma haka. Wanda gwaji ya nuna yana da ita, maganin ARV mai danne kwayar cutar kyauta ne a asibitocin gwamnati, in yana sha akan ka'ida har kwayar ta daina fitowa a gwajin jini to baya sa wa matarsa, mai ciki kuma in tana zuwa awo tana shan maganinta galibi sai ta haifi danta lafiya lau.