Mod a ilimin kiɗa da alaƙarsa da sikelin mejo

Mod, a ilimin kiɗa, jerin sautuka ne da ake gina waƙa a kansu, kuma a cikinsu akwai guda ɗaya da kunne ya ɗauka a matsayin gida, wato inda waƙar take komawa ta huta. Waɗanda aka fi sani guda bakwai ne: Ayoniyan, Doriyan, Firijiyan, Lidiyan, Miksolidiyan, Ewoliyan da Lokiriyan. Dukkansu ana iya ciro su daga sikeli ɗaya tak, wato jerin sautuka masu hawa daki-daki kamar tsani, wanda masu fiyano ke kira mejo, shi ne do re mi fa so la ti do ɗin nan da ake koya wa ƙungiyoyin mawaƙa a coci-cocin Sabon Tasha da Barnawa a Kaduna, kuma shi ne abu na farko da yaron situdiyo ke fara latsawa in an ba shi fiyano.

Tsarin mejo

Kafin a gane mod sai an gane taki. In ka duba fiyano za ka ga maɓallai farare da baƙaƙe, fararen ana kiransu C D E F G A B, in C ne do su ne do re mi fa so la ti, daga C zuwa C na gaba akwai guda 12, farare 7 baƙaƙe 5, wannan zangon shi ake kira oktef. Daga maɓalli zuwa wanda ke manne da shi rabin taki ne, in ka tsallake ɗaya kuma cikakken taki. To sikelin mejo tafiyarsa ita ce cikakke, cikakke, rabi, cikakke, cikakke, cikakke, rabi, in an rubuta da lamba 2-2-1-2-2-2-1. Rabin takin nan biyu suna tsakanin mi da fa, da kuma tsakanin ti da do, kuma a fiyano ana ganinsu da ido don tsakanin E da F babu baƙin maɓalli, haka ma tsakanin B da C. Duk maganar mod a kan wurin da waɗannan rabin taki biyu suka faɗo take. In suka matsa, launin waƙar ya canza.

Yadda bakwai ke fitowa daga ɗaya

Ka tsaya a kan fararen maɓallai kawai. Ka fara daga C ka ƙare a C, wannan Ayoniyan ne, shi ne mejo ɗin kansa da wani suna. Ka fara daga D ka ƙare a D, Doriyan kenan. E zuwa E Firijiyan, F zuwa F Lidiyan, G zuwa G Miksolidiyan, A zuwa A Ewoliyan wanda shi ne maino na asali, wato takwaran mejo mai sanyin sauti, sai B zuwa B Lokiriyan. Ba a ƙara sauti ko ɗaya ba, ba a rage ba, gidan ne kawai ya tashi daga wannan sauti ya koma wancan.

A nan ne fa mutane da yawa ke maƙalewa, kuma ba laifinsu ba ne, laifin yadda ake koyarwar ne. Ana ce wa ɗalibi Doriyan shi ne mejo da aka fara daga re, sai ya je ya danna D ya hau ya sauko, ya ce shi dai bai ji wani bambanci ba, kuma gaskiyarsa, don kunnensa har yanzu yana jiran C. Wurin farawa ba shi ke yin mod ba, wurin hutawa ne. Kamar gida ne mai mutum bakwai, mutanen ba su canza ba amma in maigida ya canza, matsayin kowa ya canza, wanda da yake ƙane yanzu ya zama wa. F a gidan C shi ne na huɗu, mai son ya sauko kan E ya zauna, amma a gidan D shi ne na uku, shi ne ma yake sa sautin ya yi sanyi irin na maino. Abin da ke tabbatar wa kunne gida shi ne bes, wato kauri mafi ƙasa na kiɗan, da ke ta maimaita sautin a ƙasa, da kod ɗin da aka fi daɗewa a kai, kod kuwa sautuka ne da ake bugawa tare, da inda layin waƙa ke sauka a ƙarshen baiti.

Saboda haka hanyar da ta fi, a ganina ma ita ya kamata a fara koyarwa, ita ce a riƙe gida ɗaya a riƙa canza sautukan. Ka danne C da hannun hagu kar ka saki. Da hannun dama ka buga mejo amma ka ɗaga F zuwa baƙin da ke samansa, wato F shaf, ka samu Lidiyan. Ka mayar da shi, ka dawo Ayoniyan. Ka sauke B rabin taki ya zama B filat, Miksolidiyan. Ka bar shi haka ka sauke E, Doriyan. Ka ƙara sauke A, Ewoliyan. Ka sauke D, Firijiyan. Ka sauke G, Lokiriyan. Kowane mataki sauti ɗaya ne kacal ke sauka, kuma da kunnenka za ka ji hasken yana raguwa kaɗan kaɗan kamar daga hantsi zuwa almuru. Wannan jerin, Lidiyan a sama Lokiriyan a ƙasa, shi makaɗa ke nufi in suka ce daga mai haske zuwa mai duhu.

Halin kowannensu

Uku daga ciki dangin mejo ne saboda sautinsu na uku yana nesa da gida da rabin taki 4. Ayoniyan kowa ya san shi, yawancin waƙoƙin coci da taken ƙasashe a kansa suke. Lidiyan, na huɗunsa da aka ɗaga yana sa waƙa ta yi kamar tana shawagi ba ta taɓa ƙasa ba, shi ya sa masu kiɗan fim a Amurka ke yawan ɗauko shi wurin nuna mamaki ko mafarki. Miksolidiyan kuwa na bakwai ɗinsa a sauke yake, babu ti ɗin nan mai jan mutum da ƙarfi zuwa do, sai waƙar ta saki jiki, in kana G ka sauko kod ɗin F ka koma G za ka ji shi nan take.

Uku kuma dangin maino ne, na ukunsu rabin taki 3 ne daga gida. Ewoliyan shi ne na tausayi da kewa da aka saba ji. Doriyan bambancinsa da Ewoliyan sauti ɗaya ne, na shida, wanda a Doriyan yake sama da rabin taki, amma wannan ɗan bambancin ba ƙarami ba ne wallahi, don shi ke sa kod na huɗu ya zama mejo, sai ka samu waƙa mai sanyi amma ba mai kuka ba, wadda ake iya taka rawa da ita. D maino zuwa G mejo, a yi ta juyawa a tsakaninsu minti goma ba a gaji ba. Kiɗan "So What" na Miles Davis, makaɗin jaz na Amurka, a faifan Kind of Blue na 1959 a kan Doriyan na D aka gina shi, ya ɗan hau E filat ya dawo, kuma irin wannan zama a kan kod ɗaya ko biyu na tsawon lokaci shi ake ji a Afrobit ɗin Fela Kuti. Firijiyan alamarsa na biyu ne da ke manne da gida, rabin taki kawai, E zuwa F, shi ne sautin da ake ji a kiɗan filamenko na ƙasar Sifen.

Lokiriyan shi kaɗai ne a gefe. Na biyar ɗinsa a sauke yake, don haka kod ɗin gidansa ba ya tsayuwa da ƙafarsa, da wuya ka ji cikakkiyar waƙa a kansa.

Kuskuren da aka fi yi a situdiyo shi ne mutum ya ce zai yi Doriyan na D amma hannunsa ya saba da tafiya daga kod ɗin G7, mai jan kunne zuwa C, ya sauka a C, da ya buga wannan kunne ya koma C, mod ɗin ya rushe. Maganinsa a rage yawan kod, a bar bes a gida, a riƙa fito da sautin da ya bambanta mod ɗin.

Asalin sunayen

Sunayen na Girkawa ne, na ƙabilu da yankuna. Doriyawa ƙabila ce ta Girka, Firijiya da Lidiya kuwa ƙasashe ne na da a yankin da yake Turkiyya a yau. Falato, masanin falsafa na Girka, a littafinsa na Jamhuriya ya yarda a bar Doriyan da Firijiyan a birninsa, ya ƙi dangin Lidiyan don a ganinsa suna kawo makoki da lalaci. Sai dai a kula, abin da Girkawa ke kira Doriyan ba shi ne namu na yau ba, nasu ya fi kusa da E zuwa E. Malaman cocin Turai ne wajen ƙarni na 9 da na 10 suka ɗauko sunayen daga rubutun Bowitiyus, wani malamin Rum na da, suka liƙa wa nasu mod guda 8 da suke rera addu'o'i da su, a nan sunayen suka sauya mazauni. A ƙarni na 11 Gido na garin Arezzo a Italiya ya fito da ut re mi fa sol la don sauƙaƙa wa mawaƙa karatu, daga baya ut ya zama do. Abin da zai ba mutum mamaki, mejo da maino ba sa cikin takwas ɗin nan, sai a 1547 Hainrik Gilariyan, ɗan ƙasar Suwizalan, ya ƙara Ayoniyan da Ewoliyan a littafinsa Dodekakodon, adadin ya kai 12. Ke nan a tarihi mod ne suka riga mejo samun suna, mejo ɗaya ne daga cikinsu da ya yi ƙarfi a ƙarni na 17 da na 18 har ya danne saura. Ti kuma daga Ingila ya zo a ƙarni na 19, ta hannun Sara Gilova da Jon Kawen, kuma tsarinsu na solfa, wato rera sautuka da do re mi, shi ne ƴan mishan suka kawo Najeriya.

Mod da kunnen Bahaushe

Mu nan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu, sunan ne baƙo. Wanda ya tashi da finafinan Indiya ya sha jin mod tun yana yaro. Bishnu Narayan Batkande, wanda ya rayu daga 1860 zuwa 1936, ya kasa raga-ragar kiɗan arewacin Indiya, wato tsare-tsaren sautin da suke gina waƙa a kai, kashi 10, kuma shida daga ciki sun yi daidai da namu: Bilawal shi ne Ayoniyan, Kalyan Lidiyan, Kamaj Miksolidiyan, Kafi Doriyan, Asawari Ewoliyan, Bairawi kuma Firijiyan. Bairawi ɗin nan ya cika waƙoƙin fim ɗinsu, shi ya sa in mai fiyano a Tudun Wada ya sauke na biyu sai a ce ya yi kiɗan Indiya. A ɓangaren Larabawa kuma akwai maƙamat, wato nasu tsare-tsaren sautin, Ajam ya yi daidai da mejo, Nahawand ya yi kusa da maino, Kurd da Firijiyan, amma Rast da Bayati suna da sautukan da suka faɗa tsakanin maɓallai biyu, fiyano na yau da kullum ba ta da su sam. Raga da maƙam kuma sun wuce jerin sauti kawai, suna da ƙa'idar hawa da sauka da kwalliyar murya, don haka kamannin a ƙashin bayan ne kurum.

Kiɗanmu na gargajiya, na goge da garaya da gurmi da kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos, yawancinsa a kan sautuka biyar yake tafiya, babu rabin taki a ciki, kuma ɗaurin tsirkiyarsu ba lallai ya yi daidai da na fiyano ba. In aka kwatanta da solfa zai zama do re mi so la, babu fa babu ti, su ne kuwa sautukan da ke kawo rabin taki a mejo. Wannan yana da amfani sosai ga mai haɗa kiɗa. Waƙar da ke yawo a do re mi so la tana zama daram a Ayoniyan, tana zama a Lidiyan, tana zama a Miksolidiyan, don biyar ɗin nan suna cikin dukkan ukun. Wadda gidanta yake la, wato la do re mi so, tana shiga Doriyan da Ewoliyan da Firijiyan. Ma'ana in mawaƙiya ta shigo situdiyo da waƙarta ta sauti biyar, muryarta ba ta yanke hukuncin mod ba, gurbi biyu ne ta bari a buɗe, na biyu da na shida in dangin maino ne, na huɗu da na bakwai in dangin mejo ne, kuma mai fiyano ne zai cike su. In gidanta A ne ya sa mata F da B, ta fito Ewoliyan mai ban tausayi, in ya sa F shaf ta koma Doriyan ta bikin aure, in ya bar F ya sauke B zuwa B filat sai ta ɗauki ƙamshin Bairawi, alhali ita ko harafi ɗaya ba ta canza ba a abin da ta rera.