Kallon tsuntsaye a lokacin hunturu

Kallon tsuntsaye a lokacin hunturu shi ne fita neman tsuntsayen daji don gane su da ƙirga su a watannin sanyi, wato Disamba zuwa Fabrairu a arewacin duniya. Ire-irensu kan ragu saboda ƙaura, amma ganinsu ya fi sauƙi, domin ganye ya kaɗe kuma yunwa na tara su wuri guda.

Tarihi

A ƙarni na 19 mafarauta a Amurka kan yi gasar harbin tsuntsaye ranar Kirsimeti. A 1900 masanin tsuntsaye Frank Chapman ya kawo shawarar a bar bindiga a koma ƙidaya, mutum 27 suka amsa. Ƙungiyar Audubon, mai kare tsuntsaye a Amurka, na gudanar da ƙidayar har yau, daga 14 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu, kowace tawaga cikin da'ira mai faɗin kilomita 24. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya kuwa ta soma a 1967, ana yin ta tsakiyar Janairu.

Kogunan birni

Ɗumin gari da ruwan da ake sakowa daga matatun ruwa na hana kogi daskarewa, sai agwagin daji da zalɓe su baro tafkunan ƙauye su taru nan. Wani farin tsuntsun ruwa da masana ke kira Chroicocephalus ridibundus ya fara cika birnin Kunming na Sin a 1985, kogin Kamo na birnin Kyoto a Japan kuma tun wajen tsakiyar shekarun 1970. Yakan rikita sabon shiga: duhun kansa na bazara yana gushewa, sai ɗigo ɗaya a bayan ido. Ana saɓani kan ba waɗannan tsuntsaye burodi.

Tuddai

Dusar ƙanƙara na koro tsuntsaye zuwa kwari. Gangaren da rana ke bugawa ya fi tara su.

Kayan aiki da matsaloli

Madubin hangen nesa 8x42 (mai ninka girman abu sau 8, faɗin gilashin gabansa milimita 42) ya wadatar a daji, kogi mai faɗi kuwa sai babban madubi mai ƙafa uku, mai ninki 20 zuwa 60. A sa rana a baya, in ba haka ba ƙyallin ruwa zai shafe launi. Numfashi na sa gilashi ya yi hazo, batirin kyamara kuma sanyi na cinye shi da wuri, shi ya sa ake ajiye shi a aljihun ciki. Babban kuskure shi ne matsawa har garke ya tashi, don kowane tashi na ƙone kitsen da tsuntsu zai kwana da shi.